Littattafan sauraro sun ƙi buɗuwa a kwamfutata, wace manhaja zan sa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai larurar gani a nan Jos, da NVDA, manhajar da ke karanta min abin da ke kan allo, nake aiki a laftof ɗina. Wani ɗan kawuna da ke Amurka ya aiko min da filas cike da littattafan sauraro na Turanci. Kaɗan daga ciki sun yi, amma yawancinsu sun ƙi: wasu manhajar kunna sauti ta VLC za ta buɗe su ka ji shiru, wasu kuma ta ce ba ta gane su ba. Na kai wa masu gyara a wajen Taminus, ɗaya ya ce kodek ne babu, wato abin da ke sa kwamfuta ta gane irin naɗin muryar, ɗaya ya ce sai an yi wa kwamfutar fomatin. Wace manhaja ce za ta buɗe su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, kada ka yarda a yi wa kwamfutar nan fomatin. Lafiyarta ƙalau, kuma shaidar tana cikin maganarka: tun da wasu littattafan sun yi, to lasifika da katin sauti da VLC duk suna aiki. In aka goge ta, NVDA ɗinka da saitin da ka saba da shi da takardun makaranta ne za su tafi, littattafan kuma su ci gaba da ƙin buɗuwa.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne littattafan a kulle suke. Ba irin kullen da ake sa wa folda ba, a'a, ita kanta muryar da ke cikin fayil ɗin ce aka hautsina da lissafi, ta yadda ba za ta koma magana ba sai an haɗa ta da wata doguwar lamba ta sirri, wadda ita ce makullin. Makullin nan ba a cikin filas ɗin yake ba. Yana maƙale ne da asusun mutumin da aka ba littafin, ko da na'urar da aka yi wa rajista da sunansa. Ka san yadda katin wuta yake: lambar da aka saya wa mitar gidanku ba za ta shiga mitar maƙwabci ba, ko da kamfani ɗaya ne ya sa mitocin biyu. To haka abin yake. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai su daina tambayar wace manhaja, su fara tambayar daga ina littafin ya fito, domin kowane gida da irin kullensa, kuma babu manhaja ɗaya da take buɗe duka.

Ana gane gidan da littafi ya fito ne daga haruffan ƙarshen sunan fayil. Windows takan ɓoye su. Ka shiga filas ɗin, ka tsaya a kan fayil, ka danna Alt da Enter tare. NVDA za ta karanta maka nau'insa da haruffan da ke ƙarshensa. Ka yi wa fayiloli uku ko huɗu haka a kowace folda, ka rubuta abin da ka ji.

Sai dai kafin mu ɗora wa kulle laifi, akwai littattafan da ba a kulle suke ba amma suke ƙin yi, kuma na fi cin karo da su. Na farko, wanda yake cikin zip. Windows tana nuna zip kamar folda ce, mutum ya shiga ya ga fayiloli, ya danna ɗaya, ta yi ko ta ƙi, amma manhajar karatu ba za ta iya bin littafin ba sai an warware shi gaba ɗaya zuwa folda ta gaske. Na biyu, littafin DAISY da aka tarwatsa. DAISY tsari ne da ɗakunan karatu na makafi suka haɗu suka kafa wa ƙungiya a 1996, don mai sauraro ya iya tsallakawa daga babi zuwa babi, ko ya ce a kai shi shafi na 85 kai tsaye, kamar yadda mai ido yake buɗa takarda. Littafin DAISY ba fayil ɗaya ba ne, tarin fayiloli ne masu dogaro da juna. A tsohon tsarin, wato 2.02, za ka ga wani mai suna ncc.html, da waɗansu masu ƙarewa da .smil, sannan na .mp3. A DAISY 3 kuwa za ka ga .opf da .ncx. Masu gyara da masu tura waƙoƙi suna da wata ɗabi'a ta kwashe na .mp3 kaɗai su watsar da sauran, suna ganin shara ce. Da an yi haka littafin ya zama tarin murya marar kai da gindi. In foldar tana nan cikakkiya, ka sauke Thorium Reader, kyauta ce, wata cibiya a Faransa mai suna EDRLab take yin ta, kuma tana tafiya da NVDA. Akwai EasyReader ta kamfanin Dolphin na Ingila, akwai FSReader da ke zuwa tare da JAWS, wata manhajar karanta allo irin NVDA. Tsohuwar AMIS ma tana nan a kwamfutocin mutane da yawa, amma an daɗe da daina sabunta ta, ba na ba sabon ɗalibi shawarar ya fara da ita. Sannan in ka ji NVDA tana kiran kowace folda da "shortcut", to wannan bairos ɗin filas ne da ya ɓoye fayilolin, shi kam aikin mai gyara ne, kuma ba ya buƙatar fomatin.

Yanzu ga masu kulle na gaske. Tun da daga Amurka aka aiko, zargina na farko yana kan littattafan NLS, sashen makafi na Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, sashen da aka kafa tun 1931. Alamarsu ita ce fayilolin murya masu ƙarewa da .3gp, tare da waɗansu ƙanana irin su .ao da .ppf da .pncx. A nan mai gyaran da ya ce kodek ne yana da 'yar gaskiya, domin an naɗe muryar da wani tsari mai suna AMR-WB+ wanda yawancin manhajojin kwamfuta ba su san shi ba. Amma ko an samo kodek ɗin ba a yi komai ba, saboda a ƙarƙashinsa akwai kullen da ake kira PDTB2. Yadda yake aiki: an kulle muryar da makulli ɗaya, shi makullin kuma an kulle shi cikin wancan ƙaramin fayil na .ao da wani makullin daban, wanda sai na'urar da aka ba izini ce take ɗauke da shi. Na'urar da ba ta da izini, abin da za ta samu kawai shi ne 'yar sanarwa cewa ba a yarje mata karanta littafin ba. Waɗanda suke da izinin su ne rediyon karatu da NLS take ba mutanenta aro kyauta, da manhajar waya ta BARD Mobile, da na'urori irin su Victor Reader Stream na kamfanin HumanWare na Kanada bayan an sa musu makullin mai su. Shekaru da yawa babu ma hanyar sauraron su a kwamfuta sam, sai daga baya aka ƙara wa manhajarsu ta Windows, BARD Express, damar kunna littafi, ita ma sai ka shiga da asusunka na BARD, wato shafin da NLS take ba mutanenta damar sauke littattafai.

To shi asusun wa ake ba? Mazauna Amurka, da 'yan ƙasar Amurka da ke zaune a waje, waɗanda aka tabbatar da larurarsu. Ɗalibi ɗan Najeriya da ke Jos ba ya ciki. Gara in gaya maka wannan ƙarara da ka yi ta yawo da filas daga shago zuwa shago. Kuma kada wani ya ruɗe ka ka haɗa kuɗi ka sayi Victor Reader Stream da tunanin za ta buɗe su. Na'ura ce mai kyau ƙwarai, tana karanta DAISY da MP3 da rubutu, amma ba ta zuwa da makullin NLS a cikin kwali. Wani abin kuma, ka ja kunnen ɗan kawun naka cikin ladabi: in da asusunsa ko na wani ya sauke su, rarraba su ya saɓa wa sharaɗin da aka ba shi, ana iya dakatar masa da asusun. Niyyarsa alheri ce, Allah ya saka masa, amma hanyar ba ta ɓullewa.

Zargi na biyu shi ne Audible, kamfanin da Amazon ta saya a 2008. Nasu fayilolin suna ƙarewa da .aax, tsofaffi da .aa, waɗanda aka kwaso daga waya kuma .aaxc. Su ne galibi VLC take buɗewa har ta nuna tsawon littafin amma ba ka ji komai. Bambancinsu da na NLS shi ne wannan kasuwa ce, ba sai kana da larura ba, kuma ba a tambayar takardar likita. Littafin yana bin asusun wanda ya saya. A kwamfuta, hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga shafin Audible da burauza, ka je ɗakin littattafanka, ka danna sauraro. Manhajarsu ta Windows 10 an janye ta tun 2022, don haka kada ka ɓata lokacin nemanta. Sauraro ta burauza yana buƙatar intanet har ka gama, wanda a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lissafa da kanka: murya mai ingancin kilobit 64 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 29 a awa, littafin awa goma ya doshi megabait 290. In kana son sauraro ba da data ba, iTunes ta Windows tana kunna .aax bayan an ba ta izini da sunan asusun da kalmar sirrinsa, a kan Mac kuma manhajar Books. Amma gaskiya ga mai amfani da manhajar karanta allo, wayar hannu ta fi daɗin sha'ani a nan: ka sauke sau ɗaya inda ka samu intanet mai ƙarfi, ka yi ta sauraro a ɗaki. Abin da zai fi dacewa shi ne ka buɗe naka asusun, ɗan'uwan ya riƙa saya maka littafi a matsayin kyauta, tun da da dala ake biya, kuma katin naira ba kullum yake wucewa ba. Ka sani kuma wasu littattafan ba a sayar da su ga kowace ƙasa.

Akwai na uku da ya fara yaɗuwa, kuma shi na fi yi wa kallon mutunci: kullen da ake kira LCP. Za ka ga ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .lcpl. Ka buɗe shi da Thorium, ita za ta sauko da littafin, ta tambaye ka kalmar sirrin da ɗakin karatun ko kantin ya ba ka. Ka shigar sau ɗaya, shi ke nan, ko babu intanet za ka ci gaba da karatu. An tsara shi ne yadda ba zai toshe wa manhajar karanta allo hanya ba, abin da tsofaffin kulle-kulle suka sha yi. Sai dai ka lura da agogon kwamfutarka. Littafin aro yana da ranar ƙarewa, kuma da agogon ake aunawa. Laftof ɗin da muke saya na hannu, da yawansu ƙaramin batirin da ke riƙe kwanan wata ya mutu, da caji ya ƙare sai kwamfutar ta farka tana ganin shekarun baya take. Daga nan lasisi ya rikice, shafukan intanet masu tsaro ma su ƙi buɗuwa. Maɓallin NVDA (wato Insert ko Caps Lock) da F12 suna faɗa maka lokaci, in ka danna F12 ɗin sau biyu da sauri ta faɗi kwanan wata. Ka saba da duba shi kafin ka zargi littafi.

Na san abin da za ka tambaya a gaba, domin kowa yana tambaya: ba a fasa kullen? Za ka ji ana tallar manhajojin da wai suna cire shi. Ba zan ɗora ka a wannan hanya ba, kuma ba don tsoro kawai ba. Waɗanda suke aiki a cikinsu, suna aiki ne da makullin asusun mai littafin, ba ƙirƙiro makulli suke ba. Kai kuwa ba ka da shi. Sauran kuma tarko ne, shafuka masu cike da maɓallan saukewa na ƙarya, kuma mai bin allo da kunne ya fi kowa saurin faɗawa, tun da NVDA za ta karanta maka su duka iri ɗaya. Na ga ɗalibin da ya je neman buɗe littafi ya dawo da bairos ɗin da ya kulle masa har aikinsa na kammala digiri. Ga kuma doka: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta hana karya irin waɗannan matakan kariya. Ita dokar ta yi wa makafi sassauci mai faɗi, amma sassaucin yana magana ne a kan littafin da ya zo hannunka ta halastacciyar hanya, ba wanda aka kwafo daga asusun wani ba.

Shi wannan sassaucin shi ne inda ya kamata ka sa ƙarfinka, don a nan ne ƙofarka take. A ranar 27 ga Yuni 2013 aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Marrakesh na Maroko, ta fara aiki a watan Satumba na 2016, Najeriya kuma ta rattaba amincewarta a watan Oktoba na 2017. Abu biyu ta kawo. Na ɗaya, ana iya mayar da littafi zuwa burel ko murya ko manyan haruffa don makaho ba tare da an jira izinin mawallafi ba. Na biyu, cibiyoyin da aka amince da su suna iya musayar irin waɗannan littattafai tsakanin ƙasa da ƙasa. Dalilin yin ta shi ne abin da Ƙungiyar Makafi ta Duniya take kira yunwar littafi: ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ne yake samuwa ta sigar da makaho zai iya karantawa, a ƙasashe irin namu kuwa abin bai ko kusa da haka ba. Don aiwatar da musayar, hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, ta kafa ABC a 2014, wani rumbu da ɗakunan karatu na makafi suke zuba jerin littattafansu. Cibiya ce take shiga, ɗalibi kuma ya samu ta hannunta. Saboda haka tambayar da ya kamata ku ɗalibai ku riƙa yi wa Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, da ɗakin karatu na jami'a, da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman da ke Abuja ita ce: ta wace hanya za mu samu littattafan ABC? Ku yi ta a rubuce, da sunan ƙungiyarku ta ɗalibai. Takardar mutum talatin ba ta ɓata a ofis kamar ta mutum ɗaya.

Wanda za ka iya fara nema da kanka tun yau shi ne Bookshare, na wata ƙungiya a Kalifoniya mai suna Benetech, wanda ya fara aiki a 2002. Suna karɓar mambobi daga wajen Amurka, sai dai ba duk littattafansu ne ake buɗe wa kowace ƙasa ba, ya danganta da izinin mawallafi. Za su nemi shaidar larura, fom ne da likitan ido ko ƙwararren malamin ilimi na musamman zai cike ya sa hannu. A garin da ke da asibitin koyarwa na JUTH da Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Jos wannan ba zai gagare ka ba. Abin da na fi so game da su shi ne ba su hautsina littafi. Suna dai saka sunanka da wata alama a cikin fayil ɗin, ta yadda in ya bazu za a san daga wa ya fita. Za ka iya saukewa a matsayin DAISY ko EPUB ko Word, ka buɗe da manhajar da ka ga dama. Yawanci rubutu ne da muryar kwamfuta take karantawa, ba mutum ba, amma ga ɗalibi wannan riba ce: za ka iya tsayawa ka ji yadda ake rubuta kalma harafi-harafi, ka kwafi jimla zuwa aikinka, kuma littafin rubutu marar hotuna bai cika wuce 'yan megabait ba. Don tsofaffin littattafan Turanci da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, LibriVox tana nan tun 2005, muryar mutane 'yan sa-kai, MP3 zalla, babu kulle babu rajista.

A ra'ayina, yawancin kullen nan bai kare mawallafi daga ɓarawo ba, mai gaskiya kawai yake wahalarwa, kuma ya fi wahalar da wanda yake nesa da inda aka ƙera shi. Na fahimci dalilin ɗakunan karatun: dokar ƙasarsu ta ba su damar naɗar littattafan mutane kyauta bisa sharaɗin makafi kaɗai za su amfana, dole su nuna suna tsare amanar. Amma mu a nan bai kamata mu kwaikwayi wannan ɓangaren ba. Ina faɗin haka ne domin ko an buɗe maka duk rumbunan nan, ba za ka samu takardun da malaminka ya raba a aji ba, kuma abin da za ka tarar da Hausa bai taka kara ya karya ba. Waɗannan mu za mu yi su. A Filato aka fara buɗe makarantar makafi a ƙasar nan, ta Gindiri, tun 1953, don haka masu iya aikin ba baƙi ba ne a wurinku. Mai karatu mai murya a sarari, ɗaki marar hayaniya, makirfo mai sauƙin kuɗi, da manhajar Obi, wadda ƙungiyar DAISY take bayarwa kyauta, sun isa a fitar da littafi mai babi-babi da lambar shafi. Lambar shafin nan kada ku raina ta. Littattafan Hausa da ake karantawa a rediyo da YouTube suna da daɗin ji, amma ɗalibin da zai kafa hujja da shafi na 112 ba zai iya laluben awa tara na murya ba. In kun naɗa, ku rubuta sunan wanda aka ba a farkon littafin, ku ajiye rajistar mambobi, ku bar fayil ɗin a buɗe.

Wasu 'yan dabaru na sauraro da NVDA, tun da da ita kake aiki. In muryarta tana karo da ta mai karatu, NVDA da Shift da D suna sa ta rage sautin littafin duk lokacin da za ta yi magana. Wannan sai a wadda aka girka a kwamfuta, ba wadda ake ɗauka a filas ba. In kana sauraro ta burauza ka danna maɓalli ya ƙi tsayar da littafin, NVDA ce ta tare shi, ka danna NVDA da Space don ta sakar wa shafin maɓallan.

Game da filas ɗin kuwa, kada ka goge komai tukuna. Ka kwafe foldojin da ka tarar da ncc.html ko .opf tare da .mp3 zuwa kwamfutarka, kowace da duk abin da ke cikinta, ka gwada su da Thorium. Na .aax ka rubuta sunayensu ka tura wa ɗan kawun naka ya ga waɗanda zai iya saya maka a asusunka. Na .3gp kuma ka rubuta sunan littafi da na marubuci, ka neme su a Bookshare da zarar an amince da rajistarka, waɗanda ba ka samu ba ka sa su cikin jerin da ƙungiyarku za ta miƙa wa ɗakin karatu.